Malam Umaru da Bindigar Mai Malfa

Ina fadama ina dashen shinkafa mai babur ya tsaya bakin hanya ya ce, "Baba Nomau, Malam Umaru na Argungu ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe tsaye cikin laka, don mutumin da ban gaisa da shi ba shekara da shekaru ya tafi ban gama faɗa da shi ba.

Ni ban yi boko ba. Malam ne ya karantar da ɗana Arzika a sakandare. 'Yan kasuwa kan kawo littattafan kaboyi, masu malfa da dawakai, suna faɗa da aljanu cikin hamada, samari na rububinsu. Malam ba ya barin ko ɗaya ya shiga aji sai ya karanta shi tukun. Mai giya da mata da rataye mutane ya kulle a akwati. Saura ya juya musu da Hausa. Na same shi na ce ya ƙone su duka. Ya ce, "Baba, yaro ɗan sha huɗu dashe ne. Ka hana mai ruwa ya bushe, ka sake mai gulbi ya nutse."

Sai wani mai hali ya ci mini iyakar gona a Gulma. Har Sakkwato na kai kuka, na dawo hannu rabbana. Na kwanta ciwo don baƙin ciki, Arzika ya ɗauki bindigata adaka ya ɗura mata albarushi ya nufi mai halin. Ban hana shi ba. Malam ya tare shi bakin gari, bai taɓa bindigar ba. Ya ce, "Arzika, mai malfar nan na littafi da ya sayi bindiga wurin aljani, da ya harbi maƙiyi, gidan wa aka kai gawa?" Yaron ya ce, "Gidan uban mai malfar, Malam, shi ya mutu." Ya dawo ya rataye ta.

Daga baya na ji wannan ƙarshen ba ya cikin littafin. Can mai malfa ya yi ramuwa ya hau doki ya tafi. Malam ne ya canza shi. Na ce ya yi wa ɗana ƙarya ya kashe mai zuciya. Ya ce, "Doki na bar musu, Baba, linzami na sa." Tun ranar ban sake ba shi hannu ba.

Gonar ta tafi, har gobe tana yi mini zafi, kuma ban janye maganata ba. Amma a maƙabarta na ga wanda ya shiga kabari ya karɓi Malam. Arzika ne, da ransa, da gemunsa.

Allah ya jiƙan Malam Umaru, ya yalwata makwancinsa, ya sa aljanna ce makoma. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya marayunsa kamar yadda ya raya mini nawa. Amin.