Huhun Miao Shulan

Katako ne ya raba ɗakin Guifen da na maƙwabciyarta Miao Shulan. Da hantsi Guifen tana ɓare masara ta jiyo Dayong, ɗan Shulan, ya ɗaga murya.

"Inna, likita ya ce ƙarin bai wuce ƙwayar gyaɗa ba! Yanzu ne wuƙa za ta yi amfani. In ya bazu, shi ke nan."

"To ka kai musu naka huhun, sarkin surutu. Kai ke zuƙar taba, ni ko kara ɗaya ban taɓa kaiwa baki ba."

"Hayaƙin murhu ne, Inna. Sau nawa zan faɗa?"

Tari ya sarƙe Shulan, dogo, har Guifen ta ajiye masarar.

Tun tana amarya a wannan ƙauye na Xuanwei, Shulan take durƙuso gaban ramin wuta a tsakar ɗaki, kwal na turnuƙe ta, ba mafitar hayaƙi. A nan ta gasa dankali, ta dafa wa aladu dusa, ta raini 'ya'yanta. Bara tari ya kama ta, aka ce sanyi ne. Sai rama, sai dushewar murya, sai jini a kaki. A asibitin birnin Kunming aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka tsakuro tsoka da allura, aka ce ciwon daji ne na huhu.

Abin da take gaya wa mutane shi ne ba za ta je gaban kakanni da guntun huhu ba. Guifen ta san ba nan gizo ke saƙar ba. Mijin Shulan a asibitin birni ya cika, kuma wanda ya mutu a waje ba a shigar da gawarsa gida. A ƙarƙashin tamfol aka ajiye shi bakin hanya, ruwa na dukan akwatin, Shulan na kallo.

Ita ma Guifen ba tausayi kaɗai ya tashe ta ba. Kwanan nan ta ga ja a hankicinta, ba ta gaya wa kowa ba. So take wata ta shiga ƙarƙashin wuƙar ta dawo da ƙafarta, kafin ita ta yi ƙarfin hali.

Dayong ya fita idonsa jawur. Guifen ta tarar da Shulan jingine da ƙyaure, tana jan numfashi.

"Yaya, ki je mana. Ai mutane na dawowa."

"Wa ya dawo? Kira min suna."

Guifen ta laluba ƙauyen kaf a ranta, ba ta samu ba. Tari ya taso mata, ta danne shi har idonta ya kawo ruwa. Shulan ta daɗe tana dubanta, sannan ta kama ƙyauren.

"Ni a cikin ɗakina zan mutu, ƙanwata. Nemi wata ta gwada miki wuƙar."