Gaisuwar da na tsaya yi a shataletalen Dutsin-Ma

Shekarun baya can, lokacin da hannuna ya fara sabawa da sitiyari, ji nake duk Kurfi babu direba kamata. A hanyoyin Barkiya na koyi mota, da tsohuwar motar gidanmu, inda abin kaucewa bai wuce shanu da amalanke ba. Baffana, ƙanin babanmu, shi ya koya mini, kuma karatunsa ɗaya ne kullum: "Kai, in ka ga babba, taka birki. Mota ba ta cire tarbiyya." Haka kuwa ake yi a wajenmu. In an haɗu a mararraba fuska ake dubawa, wanda ya fi furfura shi ke wucewa, a ɗaga hannu a gaisa. Shataletale kam ban taɓa shiga da kaina ba, don da mun doshi Dutsin-Ma Baffa ke karɓar tuƙin.

Wata rana gab da azahar aka bugo waya cewa kawuna ya rasu a Dutsin-Ma, da an idar da salla za a kai shi. Shi kaɗai ya rage wa mahaifiyata, uwa ɗaya uba ɗaya. Baffa ya tafi gona, babanmu ba ya gari. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Amma ranar ta tsaya a gabana da mayafinta ta ce, "Kai, tashi ka kai ni. Ina so in ga fuskarshi kafin a rufe."

Lafiya lau muka iso gari. Na shiga shataletalen daidai, da sa'a ba da iyawa ba. Na zagayo ke nan sai na hangi wani dattijo mai farin gemu a cikin motarsa, ya tsaya yana jiran ya shigo. Wallahi ban yi shawara da ƙafata ba, kawai ta taka birki. Na ɗaga hannu na ce, "Bismillah, Baba." Yana ta kaɗa mini hannu in wuce, ni kuwa sakarai na ɗauka kara yake yi mini, har da ƙara rusunawa.

Sai ji na yi garam! Wata a-kori-kura ce maƙare da tumatir daga lambunan Zobe ta daki bayanmu, ta tura mu kan dakalin tsakiya. Kwanduna suka fashe, gilashi ya yi jajur, mata masu talla suka ɗauki salati don sun zaci jini ne. Ƙafar gaba ta lanƙwashe, mota ta ƙi motsi.

Direban ya diro ya ci kwalata. "Kai wane irin mahaukaci ne? Wa ya ce maka ana tsayawa a tsakiyar nan?"

Dattijon ma ya fito yana faɗa: "Haba ɗana, ni na roƙe ka hanya? Ai hanyarka ce!"

Jama'a suka taru, kowa da abin da yake faɗi. Na juya na ce, "Inna, don Allah ki hau acaba ki tafi." Ta goge goshinta da ya kumbura, amma ba ta tafi ba. Tana tsaye a gefe, tana jin kiran salla, har sai da ta ga an saki rigata. Sannan ta hau babur, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta.

Matar kawu ce ta ba ni sauran labarin. An jinkirta wa Inna iya jinkiri, har liman ya ce kada a wahalar da mamaci. Tana sauka a ƙofar gida, makara tana fitowa daga zaure. Ta raɓe jikin bango maza suka wuce da shi.

Daga baya wani abokina direban haya ya zaunar da ni ya koya mini: ka rage gudu tun daga nesa, ka dubi hagunka, wanda ke ciki shi ke da hanya ko jikanka ne, kuma in ka shiga ba tsayawa sai ka fita. Yanzu ina shiga shataletale ba gargada, ban kuma sake jawo haɗari ba. Amma ban ji daɗin iyawar nan ba ko sau ɗaya, don ta zo bayan ranar da ake bukatarta. 

Da na je neman gafarar Inna, sai ta kalli ƙanwata ta ce, "Gaya mishi ba komai. Abin da aka koya mishi ya yi." Ba ta sake tayar da zancen ba. Sai dai har ta koma ga Allah, duk lokacin da aka ambaci rasuwar kawu, takan ce, "Ni fa ban gan shi ba."