Sista Martha, Mai Ba da Aron Numfashi

Tun raɓa ba ta bar ganyen ɗorawa ba, Sista Martha ta buɗe tagogin ɗan asibitinmu na Dogon Dawa, ta shiga bin gado-gado da gaisuwa. Har wanda bai san inda kansa yake ba sai ta tambaye shi kwanan gajiya, ta ɗan saurara kamar zai amsa. Cikin watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa bakina ya ƙi yin shiru.

Bayan yaƙin basasa ne ta bar 'ya'yanta a hannun ƙanwarta, ta tafi Kudu ƙaro karatu a kan jinyar waɗanda ke kwance rai a hannun Allah. Mun yi mata tsiya ba kaɗan ba. Furfura ta fara leƙowa, sannan za a koyo aikin injuna a dawo garin da fitilar ƙwai ce lantarkinsa? Ta dawo ɗin kuwa, ba inji ko ɗaya, sai wata jakar roba da ake matsawa ta hura wa mutum iska a ƙirji.

Wata damina kumurci ya sari Maikuɗi mai ɗiban zuma a daji. Da hantsi aka kawo shi, ido ya rufe, ƙirji ya daina motsi. Mu nan ba ma barin gawa ta jira. Yayansa Mu'azu ya tura mutane haƙa kabari, ya kama mayafi zai rufe masa fuska.

"Dakata, Malam Mu'azu," in ji Sista, yatsunta na kan wuyan Maikuɗi. "Zuciya na bugawa. Dafi ne ya riƙe numfashin, kuma zai saki."

"Sista, ki ji tsoron Allah. Kada ki wahalar mini da gawar ƙanena. Kafin la'asar za mu kai shi."

"In ya tafi, da hannuna zan ba ku shi. Yanzu dai zo ka kama nan."

Ta yi wa Maikuɗi allura, ta ɗora jakar a bakinsa, ta nuna wa Mu'azu yadda ake matsawa. Yana matsawa yana hawaye. Masu haƙa suka dawo da jar ƙasa a ƙafafunsu, su ma ta sa su a layin matsa jakar. Ruwa ya sauko, daji ya yi luf, ba ka jin komai sai jakar nan tana huci kamar saniya a turke. La'asar ta zo ta wuce. Washegari da safe babban yatsan Maikuɗi ya motsa.

"Duk ina jin ku," ya gaya mini daga baya. "Kamar ina kwance a ƙarƙashin rafi, itatuwa na wucewa ta samana a hankali. Na ji ana zancen likkafani, na kasa ko ƙifta ido. Can nesa kuma Sista na ce mini in saurara, an fara ruwa."

Ke ce kika tsaya tsakaninmu da gaggawarmu, Martha, uwar masu dogon suma. Mun gode, kuma mun ji kunyar tsiyar da muka yi miki. 'Yan matanmu masu aikin jinya, ku tafi ku ƙaro karatun nan ko da kun yi furfura, mu za mu riƙe muku yara.

Bara Malam Mu'azu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Maikuɗi ne ya sauka cikin kabari ya karɓe shi.