Sukarin Kawu da Zumar Inna

A shekarar da aka maido ni aiki cikin garin Damagaram daga wani ƙauye na wajen Tirmini ne kawuna ya jefa ni cikin rigimar da har yau nakan yi dariya in na tuna. Ni ma'aikaciyar jinya ce, a wani ƙaramin gidan likita na unguwa. Shi kuwa ƙanin mahaifiyata ne, baduku, a unguwar Birni yake zaune, kuma a gidansa na girma lokacin da nake lekol, wato makarantar boko. Shi da matarsa, wadda nake kira Inna, Allah bai ba su haihuwa ba, saboda haka ni ce ƴarsu. Kowace Juma'a can nake cin abincin rana.

Wata safiya sai ga shi a wurin aikinmu, ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya ce wucewa yake yi ya leƙo mu gaisa. Da gaisuwar ta yi tsawo, ya rage murya ya ce ƙishirwa ta dame shi, fitsari ya hana shi zama a rumfa, kuma idonsa ya fara yi masa gardama wajen zura zare. Na soki yatsarsa na auna. Sukarin ya hau sosai. Na sa ya dawo washegari bai karya ba, lokotoro ya duba shi, ya tabbatar ciwon sukari ne, ya rubuta magani, ya lissafa masa abin da zai rage da abin da zai bari.

Kawu ya saurara kamar mutumin kirki. Muna fitowa ya ja ni gindin bishiyar da ke tsakar gidan, ya tambaye ni ko gaskiya ne an rantsar da mu a kan ba za mu faɗi ciwon mutum ga kowa ba. Na ce gaskiya ne. Ya ce ko ga matarsa? Na ce ko ga matarsa, sai da yardarsa.

“To ban yarda ba,” in ji shi. “In Innarki ta ji, na rabu da shayi har kabari.”

Na yi masa bayani, na roƙe shi, na ce ita ke dafa masa abinci, dole ta sani. Ya ce zai sha ƙwayoyin, zai kuma kula da bakinsa da kansa. Ya hau kabu-kabu ya tafi yana ɗaga mini hannu.

Juma'ar da ta biyo na ga irin kulawar. Inna ta dama kunun gyaɗa, ta zuba sukari yadda ta saba, ta ajiye masa kwano cike. Ya dube ni, na dube shi, ya kai hannu. Ban san lokacin da na riga shi ɗauka ba. Na ce yunwa nake ji tun safe, na kafa kai na shanye. Inna ta yi murna, ta ce ashe ƴarta ta dawo da cin abinci, ta tashi ta ƙaro masa wani. Na sha rabin wannan ma, ina ji kamar cikina zai fashe, shi kuwa yana ta yi mini sannu.

Haka muka yi ta yi makonni. In aka kawo alkaki, ni ce farkon miƙa hannu. In aka kawo fura mai sukari, ni ce mai ƙishirwa. Rigar aikina ta fara matse ni. Abokan aiki suka fara yi mini kallon mai albishir, har wata ungozoma ta ce in zo ta duba ni, ba sai na ji kunya ba.

Inna ba wawuya ba ce. Ta lura mijinta ya rame, ta ga ƙwayoyi a aljihun rigarsa ranar wanki, ta kuma lura da yadda muke yin shiru in ta shigo. Wata rana ta tare ni a madafa ta tambaye ni kai tsaye me ke damun Kawu. Ƙarya ba ta cikin aikina, faɗi kuma ba nawa ba ne. Na ce mata shi ya kamata ta tambaya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya ta ci gaba da tuƙa tuwo.

Abin da ban hango ba shi ne fassarar da za ta yi wa shiruna. A wurinta, ciwon da ƴarka ma'aikaciyar likita ta kasa faɗa maka ciwon ajali ne. Ta yanke shawara cewa in dai kwanakinsa sun kusa, to zai ƙarasa su cikin daɗi. Ta aika aka sayo mata zuma. Ta sa aka kawo dabinon Bilma. Ta koma yin nakiya, abin da rabonta da yi tun ƙuruciya. Shayin da take yi masa faɗa a kai da, yanzu ita ke hura masa gawayi. Ta daina yi masa maganar fatun da yake barin su suna wari a zaure.

Kawu ya samu duniya. Da na je auna shi a rumfarsa na ga lambar ta ƙara hawa, ya ce mini bai taɓa sanin aure na da daɗi haka ba. Ya ce in na tona shi, zai kai ƙarata wurin shugabanninmu, kuma ya san ofishin.

Na kai maganar wurin majo ɗinmu, shugaban masu jinya, wani dattijo mai haƙuri, ba tare da na ambaci ko wane ne ba. Ya yi dariya har ya cire tabarau, domin ya riga ya gane. Ya ce sirrin na mai ciwo ne, mutum ne mai hankalinsa, ba ni da ikon buɗe shi. Amma ya ce ba a rantsar da ni in ɓoye wa mai ciwo abin da na gani da idona ba, kuma ba a ɗauke ni aiki don in shanye kunun marasa lafiya ba.

Abin da na gani kuwa ba na dariya ba ne. Na samu Inna a ɗakinta tana ninke rigunansa tana kuka ba sauti. Ta je wurin malamin unguwa neman addu'a. Ta aika wa ƙanwarsa da ke Dakusa cewa ta zo ta ga ɗan'uwanta tun da sauran lokaci.

Na same shi a rumfa yana ɗinkin wata jakar fata ja. Na zauna a kan tabarma na faɗa masa duk wannan. Na ce ba zan buɗe bakina ba ko da zai shekara yana ɓoyewa, amma daga yau ba zan ƙara taɓa kwanonsa ba, kuma ya sani matarsa na kwana tana tashi da makokinsa alhali yana zaune yana lasar zuma. Na kuma gaya masa abin da sukari ke yi wa ido da ƙafa, wannan karon ban sassauta ba. Ya ajiye basillar. Ya tambaye ni ko da gaske kuka take yi. Na ce da gaske. Ya ce in zo Juma'a da wuri, kuma in zauna kusa da ƙofa.

Ranar ya yi ta kewaye-kewaye, ya fara da tarihin kakanninmu, har Inna ta fara share hawaye. Da ya kai ga kalmar sukari, ta tsaya.

“Sukari kawai?”

“Sukari kawai,” ya ce.

Ta yi hamdala, ta sake yi, ta rufe fuska da gyale. Da ta buɗe fuskar, wata mata ce daban. Ta tashi ta ɗauke kwanon nakiyar daga gabansa, ta ɗauke tulun zumar, ta ɗauke har butar shayin da ke kan wuta. Sannan ta juyo kaina. Na ce mata aikina ne ya ɗaure mini baki. Ta ce ta ji, amma aikin bai ɗaure bakin nawa wajen shan kunu ba. Ta zaunar da ni na lissafa mata abin da lokotoro ya ce, Kawu na gefe yana gyaɗa kai cewa ya yarda in faɗa, kamar sauran yardar na da wani amfani.

Ƙanwarsa ta iso daga Dakusa da jajayen idanu ta tarar da shi yana cin dafaffen zogale, fuska a murtuke. Ta kwana biyu ta koma tana dariya.

Sukarinsa ya sauka cikin ƴan watanni, idon ma ya daina ƙaruwa da lalacewa. Ya yi fushi da ni na wani lokaci, in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Daga baya ya ɓullo da wata sabuwar sana'a, ta jawo tsofaffin abokan hirarsa ɗaya bayan ɗaya zuwa wurinmu a auna su. Ya ce taimako yake yi. Ni na san abokin cin zogale yake nema. Na farkon da ya kawo, wani mahauci mai ƙaton ciki, ya fito daga ɗakin awo yana shela da kansa cewa jininsa lafiya lau. Kawu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce lalle na'urarmu ta lalace, a sake auna shi gobe.