Ɗan Ciranin da Aka Soke Sunansa a Fassi

Ko me zan manta na zamanin da nake koyarwa a Kibiya, ranar da masu bincike suka sallame ni a ƙauyen Fassi tana nan daram a raina. A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a ne wasu masu binciken ciwon ƙirji suka zo daga birni. Suna neman mace mai iya rubutu da za ta riƙa shiga gidaje tana cika musu takarda, sai aka nuna ni. Duk wanda na rubuta yana tari, motarsu za ta kai shi Kano a ɗauki hoton ƙirjinsa, a ba shi magani kyauta. Sharaɗi ɗaya ne: sai wanda ya yi wata shida yana kwana a gidan.

Kuma da rani suka zo, wai hanya ta fi kyau. Jama'a, wa ke gida da rani? Majiya ƙarfi duk sun tafi cirani. Tsofaffi da mata da yara kawai nake ta rubutawa.

A wani gida ina cikin yi wa matar gidan tambayoyi sai na ji tari daga ɗaki, irin wanda kai mai ji ma sai ka dafe ƙirjinka. Ta ce maigidanta ne, sati biyu ke nan da aka dawo da shi daga kudu, inda yake aikin fasa dutse duk rani. Ya fito yana bin bango, mutumin da bai wuce sa'an yayana ba. Na tambaye shi ko ya je asibiti a can.

"Na je, Malama. Suka ce in koma garinmu a duba ni."

Nan take na rubuta sunansa.

Da la'asar a ƙofar gidan dagaci, shugaban aikin, wanda muke ce wa Dakta, ya duba takarduna ya ja layi a kan sunan. Ya ce wannan ba mazauni ba ne.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gidan da na same shi aka binne cibiyarsa."

"Malama, ba ni na yi ƙa'idar ba. Daga waje aka aiko ta, haka ake yi a duk duniya. In muka sa matafiya binciken zai gurɓace."

Na ce, "To duk duniyar ta yi kuskure! A can an ce baƙo ne, a nan ma kun ce baƙo ne. Huhun nasa a wane gari yake zaune?"

Dagaci ya ce in yi haƙuri. Na ce, "Allah ya ba ka nasara, haƙurin ne ya kwantar da shi." Na janyo takardar, na sake rubuta sunan a ƙarƙashin layin da manyan baƙaƙe. Dakta ya karɓe biron, ya ce gobe ba sai na zo ba. Na ce dama ba zuwa zan yi ba.

Yanzu da na manyanta na san Dakta ba mugu ba ne, takarda ce ya fi tsoro. Amma ko yau aka maimaita, abin da zan yi ke nan.

Washegari na ɗauki mutumin da matarsa a motar haya muka tafi Kano. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ɗaga shi ya daɗe yana kallo, ya ce ƙurar dutse ta cinye huhun, an makara. Ya tambaye ni ko akwai irinsa a wajenmu. Na ce ya zo da damina ya tsaya bakin gona, kunnensa zai ba shi amsa. Ba wanda ya zo.

Kafin a yanke gero ya rasu. Na je gaisuwa na tarar ƙannensa biyu, magidanta, suna maganar komawa wajen dutsen nan da an gama kaka. Na yi ta faɗa har muryata ta dishe. Babban ya ce, "Malama, in mun zauna me za mu ci?"

Bayan shekaru wani abokin aikina ya ga rahoton binciken, ya ce an rubuta ciwon ƙirji bai yi yawa ba a mazan yankinmu. Dole mana, ai ba a tambayi mazan ba!

Tun daga nan na koyi darasi: duk wanda ya zo mini da takarda, kafin in duba wanda za a rubuta, sai na tambaye shi wanda aka ce kar a rubuta. Sau da yawa shi ne mai ciwon.