Ranar da Ishaya ya sallami motar Malam

Jiya ina zaune bisa benci a garejin Ishaya, can Ƙofar Kware, ga motar marigayi maigidana Malam an buɗe mata gaba. Autana Nasiru ya sa an ɗora mata wani inji, don da ita shika kai nama kasuwa daga mayanka. Abu guda ya rage, na'urar da ka ba inji mai: kafireta irin ta da za a sa ko injekta ta zamani.

Ni ban san mota ba, amma na san Ishaya. Tun Malam na da rai shi ka gyaran motar ga, kuma kafireta kaɗai ya iya. Injekta sai makanikai masu kwamfuta. In anka sa ta, mun bar garejinai ke nan.

Nic ce, "A sa kafireta a huta."

Ishaya ya goge hannu da tsumma, yac ce, "A'a, Mama. Yaron nan nama yake ɗauka. In kafireta ta yi gardama da safe, zafin Sakkwato ba ya jiran kowa. Injekta murɗa makulli ɗaya ta tashi, ga sauƙin mai. Ku sa ta."

Nic ce, "Kai kuma ka ci mi? Ƙasa?"

Sai ya yi dariya. "Mama, kafiretar ma yanzu sai na lalubo da tabarau."

Injekta munka sa. Shi da kainai ya raka Nasiru wurin masu kwamfutar, ya ce su riƙe ta amana. Ko godiya ban samu yi mai ba.

Ku wurinku, akwai sauran mai sana'ar da zai tura ku wurin wani don ku ji daɗi?