Gahawar Habasha a Gwangwanin Yaman

Mahaifina ba ya shan gahawa sai ta Yaman, haka kowa ya san shi. Ya zo aikin hajji daga Kano yana saurayi, bai koma ba, ya yi shekaru yana dafa gahawa a gidan wani attajiri a unguwar Jarwal da ke Makka. Mahaifiyata takan tsokane shi ta ce a can aka ɓata masa harshe. Mu da muka taso a ɗaki biyu a unguwar Hindawiyya, komai namu na talaka ne, ban da abin da ke cikin wani gwangwani mai jan murfi da ke saman kabad.

Duk Juma'a bayan la'asar abokansa tsofaffi huɗu sukan zo gidanmu. Shi da kansa yake soya 'ya'yan gahawar sama-sama, ya daka, ya sa 'yar hel don ƙamshi, ya juye a buta. A nan mai zubawa ba ya dainawa sai ka girgiza finjalinka, alamar ta ishe ka. Baba sai ya sha uku yake girgizawa. Ranar Juma'ar nan ce kaɗai nake jin dariyarsa har waje.

Da idonsa ya yi rauni, saye da suya suka dawo hannuna. Ina tuƙin tasi, ga yara ga haya, ita kuma ta Yaman ta yi tsadar da ba a magana. Wata rana na tsaya a shagon mai kayan ƙamshi na unguwarmu, na tambaye shi ko akwai mai sauƙi. Ya buɗe mini buhuna uku.

"Duk na Habasha ne," in ji shi. "Akwai mai kyau, akwai ta banza, kuma kuɗinsu kusan ɗaya. Ka kawo tsohon ya shinshina mana, shi ya san abin."

Na ce masa ba ni da lokaci. Ƙarya nake yi, kunya ce ta hana ni. Ban iya tunanin in tsaya gaban Baba in ce masa abin nan guda ɗaya da yake jin daɗinsa ya fi ƙarfina ba. Sai na zaɓi mai manyan ƙwayoyi masu sheƙi, kamar mai sayen gyaɗa. A gida na juye ta a gwangwani mai jan murfi, na soya ta har ta yi duhu, na cika mata hel.

Da na miƙa wa Baba finjali, ya riƙe shi jim kaɗan, ya shanye, ya girgiza.

"Baba, ɗaya kawai?"

"Khalas, ya waladi. Ta isa, ɗana."

Na fita ina murna, wai ni mai wayo. Kafin Juma'a ta zagayo ya aika wa abokansa cewa hayaniya ta fara sa masa ciwon kai, su riƙa gaisawa a masallaci kawai. Suka daina zuwa. Ni kuwa na ce tsufa ne, har na ji sauƙi a raina don gwangwanin ya daina saurin ƙarewa. Wannan ne abin da na fi jin kunyar tunawa.

Mun fi shekara a haka. Kullum safe finjali ɗaya, ya girgiza, ya ce Allah ya yi albarka. Sau da yawa maganar ta zo bakina, sai in ce bari lokacin hajji ya zo, aiki ya buɗe, in sayo ta Yaman in mayar shiru ba wanda ya ji. Hajji ya zo, motar ta lalace. Kafin hajji na gaba Baba ya rasu.

Ranakun ta'aziyya na sayo ta Yaman, don ba zan ba mutane abin kunya ba. Tsofaffin nan suka zo, kowa ya sha uku. Da aka watse ina wanke finjalai, mahaifiyata ta zauna kusa da ni.

"Yau ka samu kuɗinta ke nan," ta ce.

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Umma, ya sani ne?"

"Tun kafin ka zuba. Tun kana suya ya ji ƙamshin daga ɗaki. Ya ce mini ba zai ba baƙinsa ita ya ce ta Yaman ce ba, ba kuma zai faɗa musu gaskiya ya kunyata ɗansa ba. Shi ya sa ya sallame su."

Na ce ai ba zai taɓa yarda da ta Habasha ba ko da na faɗa masa.

"Wa ya ce maka? A gidan attajirin nan ita ma'aikata suke sha, shekara da shekaru. Ya ce mai kyawunta ƙanana ce, dogaye, ba ta sheƙi, kuma ba zai ji kunyar ba kowa ita ba. Jira yake ka kai shi ya zaɓa maka. Ya ce ba zai fara maganar ba, tunda kai ka so a rufe."

Shagon bai kai tafiyar minti biyar daga gidanmu ba, kuma ina da mota.